Ta ina zan fara bitar kemistiri, ga jarrabawa ta ƙarato?

Tambaya: Malam, ina aji shida na sakandare, saura wata huɗu mu zauna WAEC. Kemistiri ya gagare ni tun aji huɗu. Na haddace ma'anoni da yawa, amma da zarar an kawo lissafi sai kaina ya ɗaure. In koma shafin farko ne in bi littafin har ƙarshe, ko akwai inda ya kamata in fara?

Amsa: Ɗana, kada ka koma shafin farko. Na ga ɗalibai da yawa sun yi haka, sai su ƙarar da mako uku a kan hanyoyin raba gauraye, tacewa da tafasawa da daskarewa, saboda wurin yana da daɗin karatu, kafin su iso inda cutar take lokaci ya ƙure. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, gaskiya ne, amma wata huɗu ba ranar tafiya ba ce. Ya ishe ka, in ka san inda za ka sa ƙarfinka.

Abin da ka kwatanta na san shi sarai. Ɗalibin da ya iya ma'ana ya kasa lissafi, kusan kullum matsalarsa ɗaya ce: ba a taɓa nuna masa cewa kemistirin sakandare ƙidaya ba ne. Abubuwa ƙanana ne da ido ba ya gani, suna haɗuwa ɗaya da ɗaya, ko ɗaya da biyu, ko biyu da uku, mu kuma muna neman dabarar ƙirga su da sikeli. Sunan dabarar mol. Can za mu daɗe. Amma kafin ka ƙirga abu sai ka san mene ne shi, don haka bari mu fara da atom, mu yi sauri.

Atom yana da cibiya, a cikinta akwai furoton mai cajin fositif da niyutiron marar caji, sai ilektiron mai cajin negatif da ke kewaye da ita. Ba a rana ɗaya aka gane haka ba. John Dalton a 1808 ya ɗauka atom dunƙule ne da ba ya rabuwa. J. J. Thomson ya gano ilektiron a 1897, Ernest Rutherford ya nuna akwai cibiya a 1911, niyutiron kuwa sai 1932 James Chadwick ya tabbatar da shi. Shekarun nan ka san su, amma kada su cinye maka dare. Abin da za ka riƙe hannu biyu shi ne: yawan furoton shi ne sunan abu. Duk atom mai furoton 11 sodiyam ne, duk mai 17 kulorin ne, ko a Kano ko a duniyar wata. Yawan niyutiron na iya bambanta, shi ya kawo isotof, wato atom na abu ɗaya masu nauyi daban-daban. Kuma a nan ne amsar abin da ke damun ɗalibai take, wai me ya sa nauyin kulorin 35.5 alhali babu rabin furoton? A cikin kowane atom huɗu na kulorin, kusan uku masu nauyin 35 ne, ɗaya mai 37. Ka haɗa 35 sau uku da 37, ka sami 142, ka raba gida huɗu, ga 35.5. Matsakaici ne kawai, kamar a ce matsakaicin makin aji 62.5 alhali ba wanda ya ci rabin maki.

Sai jeren ilektiron. Hawan farko yana ɗaukar biyu, na biyu takwas, na uku takwas a iyakar elimen (abin da atom ɗinsa iri ɗaya ne) ashirin na farko, wanda su za ka haddace a jere daga haidurojin zuwa kalsiyam. Wannan ita ce hadda guda da zan tilasta maka. Sodiyam 2, 8, 1. Kulorin 2, 8, 7. Kalsiyam 2, 8, 8, 2. Lambar ƙarshen nan ita ce halin abu. Mai ɗaya ko biyu ko uku a hawan waje ya fi son ya zubar da su ya huta, mafi yawansu ƙarafa ne. Mai shida ko bakwai neman ciko yake. Mai takwas, irin su niyon da agon, ya ƙoshi, ba ya neman kowa. Jadawalin da ke manne a bangon ajinku wannan labarin yake bayarwa: 'yan rukuni ɗaya lambar ƙarshensu ɗaya, shi ya sa halinsu ya zo ɗaya. Dmitri Mendeleev, Barashe, da ya tsara jadawalinsa a 1869 bai san ilektiron ba ma, halaye da nauyi ya bi, ya bar guraben da ya ce akwai masu su ba a dai gano su ba. A 1875 aka gano galiyam, a 1886 jamaniyam, kowanne ya zauna daidai gurbinsa. Yau elimen 118 ne a jadawalin, ba wanda zai tambaye ka su duka.

Daga nan ɗauri, wato yadda atom ke haɗuwa da juna, ya zama mai sauƙi. Sodiyam yana da rarar ɗaya, kulorin yana da giɓin ɗaya. Wannan ya ba wancan, sai sodiyam ya zama ayon, wato atom mai caji, nasa fositif, kulorin ya zama mai negatif, suka manne da juna, ga gishirin miya, NaCl. In kuwa duka biyun masu nema ne, ba mai bayarwa, sai su yi tarayya a kan ilektiron, kamar yadda haidurojin biyu da oksijin ɗaya suka yi a ruwa. Na farkon shi ya sa ruwan gishiri yake ɗaukar wutar lantarki, na biyun shi ya sa ruwan sukari ba ya ɗauka. Fomula kuma ba haddace ta ake yi ba, gina ta ake yi. Aluminiyam yana ba da uku, oksijin yana karɓar biyu. Ta yaya cinikin zai tashi ba bashi? Aluminiyam biyu su ba da shida, oksijin uku su karɓi shida: Al₂O₃. In ka iya wannan ciniki, ka kuma san cajin ƙungiyoyin nan da ke yawo tare, SO₄ da CO₃ masu negatif biyu, NO₃ da OH masu negatif ɗaya, NH₄ mai fositif ɗaya, to fomula ɗari ta zo hannunka kyauta.

Yanzu mu zo kan mol, ka gyara zama.

Ka taɓa zuwa wurin masu goro? In dillali ya ce ƙwarya, goro ɗari yake nufi. Mai ƙwai in ya ce kiret, talatin ke nan. Ba wanda ya taɓa rikicewa a kan wannan. Kuma kowa ya san kiret ɗin ƙwan zabo da kiret ɗin ƙwan talo-talo adadinsu ɗaya, talatin-talatin, amma in ka ɗora a sikeli nauyinsu ba ɗaya ba. To mol shi ne ƙwaryar masu kemistiri. Sai dai da yake kayan nasu ƙanana ne ƙwarai, ƙwaryar tasu babba ce: 6.02 × 10²³. Ana kiran lambar da sunan Amedeo Avogadro, Ba'italiye, don girmamawa, ba shi ya ƙirga ta ba. Mol ɗaya na ruwa, molekul ɗin ruwa ne guda 6.02 × 10²³. Mol ɗaya na gishiri ma adadin ke nan. Nauyi ne ya bambanta.

Ga hikimar da aka yi wajen zaɓen wannan lamba, wadda in ka gane ta rabin wahalarka ta ƙare. An zaɓe ta ne yadda lambar nauyin da ke jikin jadawali za ta zama giram kai tsaye. Kabon 12 ne, to mol ɗaya na kabon giram 12. Ruwa, H₂O, haidurojin biyu 2, oksijin 16, jimla 18, to mol ɗaya na ruwa giram 18, bai kai kurɓi mai kyau ba. Ledar fiya wata ta santilita 50 tana da ruwa kusan giram 500. Ka raba 500 da 18, ka ga duk ledar da ka sha ka haɗiye mol kusan 28 na ruwa. Gishiri 23 da 35.5, wato 58.5. Shi ke nan fa. Nauyin da ke hannunka a giram, ka raba da nauyin mol ɗaya, ka sami yawan mol. Wanda ya iya cewa goro 250 ƙwarya biyu da rabi ne, ya iya wannan.

Me ya sa muke wahalar da kanmu da juya giram zuwa mol? Saboda sinadarai ba su san giram ba. Ikweshan da adadi yake magana. Ɗauki farar ƙasar da ake ƙonawa a masana'antar siminti, irin ta Ashaka a jihar Gombe ko ta Sakkwato. Sinadarinta CaCO₃, in ya sha wuta sai ya rabu: CaCO₃ → CaO + CO₂. Abin da layin nan yake faɗa shi ne guda ɗaya na wannan yana ba da guda ɗaya na wancan da guda ɗaya na wancan, don haka mol ɗaya yana ba da mol ɗaya da mol ɗaya. Nauyin mol na CaCO₃: 40 da 12 da 48, ɗari cif. CaO 56. CO₂ 44. Ka lura 56 da 44 sun koma 100, ba abin da ya ɓata, wannan ita ce dokar da Antoine Lavoisier ya kafa a Faransa a ƙarshen ƙarni na 18. Yanzu a ce an tambaye ka: in an ƙona giram 25, iskar CO₂ nawa za ta fita? Kada ka taɓa komai sai ka juya 25 zuwa mol. 25 a raba da 100, mol 0.25. Ikweshan ya ce ɗaya da ɗaya, to CO₂ ma mol 0.25. In giram aka nema, ka ninka da 44, giram 11. In girman iska aka nema a ma'aunin s.t.p., wato daidaitaccen zafi da matsin iska, ka ninka da 22.4, ka sami 5.6 dm³ (dm³ ɗaya lita ɗaya ce), domin mol ɗaya na kowace iska a wannan yanayi 22.4 dm³ yake ci.

Ka sake duba abin da muka yi. Mun shiga da giram, mun koma mol, mun tsallaka ta kan ikweshan, mun fita da abin da aka nema. Na yi shekaru ina duba takardun ɗalibai, kuma zan iya ce maka mafi yawan lissafin da ke tsorata su wannan tafiyar ce aka sauya mata riga. Wani lokaci a shigo da kai ta ƙofar giram, wani lokaci ta ƙofar dm³ na iska, wani lokaci ta ƙofar ruwan da aka narkar da abu a ciki. Tsakar gidan dai ɗaya ce. Ɗalibin da ya haddace fomula goma sha biyu daban-daban yana neman wadda ta dace, shi ne wanda gumi ke karyo wa a ɗakin jarrabawa.

In babanka manomi ne, ga wani abu da za ka nuna masa. A jikin buhun takin yuriya an rubuta 46. Fomular yuriya CO(NH₂)₂. Kabon 12, oksijin 16, naitirojin biyu 28, haidurojin huɗu 4, jimla 60. Naitirojin 28 cikin 60, wato kashi 46 da ɗoriya cikin ɗari. Ashe lambar da ke jikin buhun lissafin aji huɗu ce. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23, kuma shi manomi yake saye, sauran rakiya ce.

Duk wannan yana tsayawa ne in ikweshan ya daidaita, don haka ka ba wa daidaitawa kwana biyu ko uku ita kaɗai. Doka ɗaya ce: lambar gaba kake taɓawa, ƙaramar lambar da ke ƙasan harafi haramun ce gare ka. Wanda ya mayar da H₂O ya zama H₂O₂ don oksijin ya cika, ya bar ruwan sha ya koma wani sinadari da ake wanke rauni da shi. Gwada da furofen, ɗaya daga iskar da ke cikin tukunyar gas ɗin girki: C₃H₈ + O₂ → CO₂ + H₂O. Fara da kabon, uku, sa 3 gaban CO₂. Haidurojin takwas, sa 4 gaban ruwa. Yanzu ƙirga oksijin a dama, shida da huɗu goma, sa 5 gaban O₂. Kullum ka bar wanda yake zaune shi kaɗai sai ƙarshe. Tun da mun zo nan bari in faɗi abin da ya fi maki muhimmanci: in oksijin bai wadata ba, maimakon CO₂ sai a sami CO, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda ke kashe mutanen da suka kwana da janareta ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Ka gaya wa mutanen gidanku kafin hunturu.

Dokokin iska ba zan daɗe a kansu ba. Ta Boyle: ka matse iska, girmanta ya ragu. Ta Charles: ka ɗumama ta, ta buɗe. Inda ake faɗuwa wuri ɗaya ne, mantawa da ƙara 273 a kan digiri don komawa ma'aunin Kelbin, wanda da shi ake lissafin. Daga digiri 27 zuwa 54 ba ninki biyu ba ne, daga 300 ne zuwa 327. Ka rubuta 273 a gefen takardarka tun kafin ka gama karanta tambayar.

Asid da bes kuwa, madafin gidanku ya fi wasu ɗakunan gwajin da na koyar a ciki kaya. Na yi shekara uku a wata makaranta da ɗakin gwajinta ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru, da zoɓo na koyar da wannan babin. Tsamin tsamiya asid ne, na lemun tsami asid ne, na nono ma haka. Kanwa da ruwan toka kuwa suna ɓangaren bes. Ka jiƙa zoɓo, ka raba jan ruwan kofi biyu. Ka matsa lemun tsami a ɗaya, jan zai ƙara haske. Ka sa ɗan ruwan kanwa a ɗayan, zai juye ya yi duhu, ya karkata zuwa kore. Abin da litmas, takardar gwajin asid da bes, yake yi ke nan, gani ya kori ji. Kuma in uwar gida ta jefa kanwa a miyar yakuwa ta ga kumfa ta taso tsamin ya lafa, ta yi abin da littafinku ya ce: asid da kabonet suna ba da gishiri da ruwa da CO₂. Kumfar ita ce CO₂ ɗin.

Wani ɗan abin ban sha'awa. Kalmar alkali da kuke karantawa, ba alƙalin kotu ba, daga Larabci ta fito, asalinta tokar tsiro. Harafin K na fotasiyam ma daga wannan tushe yake. Alamar Na ta sodiyam kuma daga natron, irin gishirin da mutanen Masar na dā suke haƙa, ɗan'uwan kanwarmu. Mutane suna kiran kanwa fotash da Turanci, alhali mafi yawan abin da ke cikinta sodiyam ne. Tokar itace ce mai fotasiyam, ita masu sabulun salo suke dafawa da mai.

A kan pH ka riƙe cewa 7 tsakiya ne, ƙasa asid, sama alkali, kuma kowane taki ɗaya ninki goma ne: pH 3 ya fi pH 4 tsami sau goma. Sannan ka bambanta asid mai ƙarfi da asid mai kauri. Ƙarfi yana nufin ya rabu zuwa ayon gaba ɗaya a ruwa, kamar HCl. Kauri yana nufin an zuba da yawa a ruwa kaɗan. Masu jarrabawa suna son wannan tarko.

Titireshan, wato auna yawan asid da zai kashe bes, wanda za ku yi da hannu ranar furaktikal, mol ne ya sake dawowa. A ce ka ɗebi 25 cm³ na NaOH mai 0.10 mol a kowace dm³, sai 20 cm³ na H₂SO₄ ya kashe shi. Juya 25 cm³ zuwa dm³, wato ka raba da 1000, 0.025, ka ninka da 0.10, mol 0.0025 na NaOH. Ikweshan, H₂SO₄ + 2NaOH → Na₂SO₄ + 2H₂O, ya ce asid ɗaya yana cin bes biyu, to asid mol 0.00125. Raba da 0.020, ka sami 0.0625 mol a dm³. Akwai gajeriyar fomula da za a ba ku, ka yi amfani da ita, amma sai bayan ka yi wannan doguwar hanya sau goma, don ranar da ka manta wace lamba ce a sama ka iya fitar da kanka. A wajen aikin kuma ka ɗauraye buret, bututun gilashin nan mai ma'auni, da ruwan da za ka zuba a ciki, ka karanta daga ƙasan lanƙwasar ruwan idonka daidai da shi, ka rubuta lamba biyu bayan ɗigo, kuma kada ka manta da rubuta cm³. Makin da ake asara a kan waɗannan ƙananan abubuwa yana ba ni takaici fiye da wanda ake asara a kan babbar tambaya.

Saura oksideshan da ridakshan. Wanda ya rasa ilektiron an yi masa oksideshan, wanda ya samu an yi masa ridakshan, kuma ba a yin ɗaya ba ɗaya, tun da abin da wani ya yar wani ne ya tsinta. Tsatsar kwanon rufi ke nan, batirin tocila ke nan. In kana Kano ka leƙa marinar Ƙofar Mata, ka tsaya ka ga an tsamo zane daga karofi. Yana fitowa da launi mai kore-kore, kana kallo iska na bugunsa yana komawa shuɗi. A cikin ramin, ruwan toka da ruɓawar baba sun mayar da shunin wata siffa mai narkewa da ke shiga zare, oksijin na iska kuma ya dawo da shi siffarsa da ba ta narkewa, ya maƙale. Shi ya sa marini yake tsomawa ya ɗaga, ya tsoma ya ɗaga. Da wannan fahimta za ka shiga babin wutar lantarki da narkakkun sinadarai, inda kuma za ka tarar da mol yana jiranka, wannan karon mol na ilektiron, mai cajin kulom 96,500.

Ga yadda zan raba wata huɗun da ni ne kai. Mako biyu na farko, elimen ashirin da jeren ilektiron da gina fomula, har ka iya rubuta kalsiyam haidiroksaid ba tunani. Wata guda cur a kan mol da daidaita ikweshan, kullum tambaya biyar da biro da takarda, bayan sallar asuba in zai yiwu, kafin hayaniyar gida ta tashi. Karanta lissafin da wani ya warware ba ya cikin biyar ɗin, sai wanda ka rufe amsar ka yi da kanka. Bayan nan asid da titireshan da oksideshan, sannan kemistirin kabon, wanda shi ma in ka riƙe cewa kabon hannu huɗu gare shi sunayen za su daina yi maka kama da Girkanci. Watan ƙarshe na tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO ne, da agogo a gabanka. Ka sami littafi guda ka riƙa rubuta duk tambayar da ka faɗi, da dalilin faɗuwar, ko ikweshan ne bai daidaita ba, ko cm³ ka manta ka juya.

Yau da daddare ka fara da wannan: giram 10.6 na Na₂CO₃, mol nawa ne, kuma in an zuba masa HCl isasshe, CO₂ nawa zai fita a s.t.p.? Sodiyam 23, kabon 12, oksijin 16. Ka rubuta ikweshan ɗin da kanka, ka daidaita shi kafin ka taɓa kalkuleta. In ka sami 2.24 dm³, gobe ka ƙara huɗu irinta. In ba ka samu ba, ka turo mini abin da ka rubuta layi-layi, in ga inda ƙafarka ta zame.